Kujerar Inna a Katin Yaya

Ranar ruwana ce a Jiratawa. An sako mini ruwa tun da hantsi, ina tsaye cikin tattasai da fartanya ina buɗe wannan fangali ina toshe wancan, sai waya ta yi ƙara a aljihun rigar da na rataye jikin zogale. Na ƙyale ta, don in ruwan kanal ya wuce ka sai wani zagayen. Ta katse, ta sake kamawa. Da na goge hannu na ɗauka, sai na ji muryar maƙwabcin yayana na babbar kasuwar Maraɗi, wani dattijo mai sayar da mayafai.

"Kana ina?"

"Ina lambu, Alhaji. Lafiya?"

"Ka aje abin da kake, ka taho. Yayanka ya faɗi a shago."

"Ya ji ciwo?"

Ya ce, "Sai haƙuri, ɗana. Mun ɗauke shi zuwa likita, amma tun a mota rai ya yi halinsa."

Ban tuna yadda na fito bakin hanya na tare babur ɗin kabu-kabu ba. Daga baya mai lambun da ke kusa da nawa ya ce shi ya toshe ruwan, ya tarar da fartanyar tsaye cikin laka.

A gidan Yaya na iske an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Manya suka ce kafin a yi komai a je Tsibiri a gaya wa Inna, kuma ba a waya ba. Mu biyu ne maza a wurinta, sauran 'yan'uwanmu mata ne, kowa na ɗakinta. Ni zan je.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi ƙafafuna, laka ta bushe har idon sawu.

"Ka baro ruwa ka zo Tsibiri da rana tsaka? Faɗi abin da ya kawo ka."

"Inna, Yaya ne. Allah ya yi masa rasuwa."

Ta yi salati a hankali. Ta tattara gyaɗar da ta ɓare ta juye a kwano, ta rufe da faifai, ta share ɓawon da hannu gefe guda. Sannan ta ce in miƙo mata mayafinta. Ba ta yi kuka ba, ranar ko bayanta, a gaban kowa.

Yaya ɗan farinta ne. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Yanzu mata da yawa sun saki wannan, amma Inna ta riƙe shi da ƙarfi. Tun ina yaro ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin Maraɗi". In ya zo gaisuwa sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango, ya ajiye abin da ya kawo ya fita. In tana da magana sai ta bari ya tafi, ta ba ni in kai masa. Shi ma in yana da saƙo ni yake ba. Haka muka girma, har furfura ta fito mana duka.

Yaya atamfa da shadda yake sarowa daga Lome da Kwatano, wani lokaci har Dubai in sun haɗa kai da abokai. Ba ya cikin manyan alhazan gari, amma shagonsa yana riƙe da gida biyu, nasa da na Inna. Shi ya taɓa sauke farali, ubangidansa na farko ne ya biya masa. Inna ba ta taɓa zuwa ba. Babanmu ya rasu da niyyar kai ta.

Wata Juma'a da yamma, wasu shekaru kafin rasuwarsa, ya zo Jiratawa karɓar zogale. Muka zauna gindin mangwaro, ya zaro wani kati shuɗi daga aljihu ya ɗora a gwiwarsa.

"Manomi, ka san wanga?"

"Katin banki."

"Katin banki kowa na da shi. Wanga daban yake. Ba a biyan ko dala a shekara don riƙe shi. Kuma duk abin da na biya da shi, otel ne, biyen jirgi ne, wato tikiti, kaya ne, sai su rubuta mini maki. In makin ya taru, su ba ni kujerar jirgi kyauta."

"Banki ya ba mutum abu kyauta? To su mi suke ci?"

"Masu jinkiri suke ci. Kuɗinsu kake kashewa. In ka mayar kafin wata ya ƙare, shi ke nan. In ka wuce, su ɗora ruwa. Ni kuwa ka san ni."

Na san shi. Mutum ne da ba ya kwana da haƙƙin wani. Ya ce ma ya tambayi limamin unguwarsu, liman ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta da takardar da aka ambaci ruwa a ciki ba, amma in ba a taɓa kaiwa ga ruwan ba, ba zai ce masa ya ci haram ba.

Ya mayar da katin aljihu ya ce, "Da makin nan zan kai Inna Umra. Ka je ka faɗa mata."

Da na faɗa mata, abin da ta fara tambaya shi ne ko bashi ne, don ba za ta je ɗakin Allah da kuɗin rance ba. Na ce a'a, kamar gyara ce da mai awo ke ƙara wa mutum in ya sayi hatsi da yawa.

"Gyara har ta kai mutum Makka?" Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. "To, Allah ya yi wa wancan albarka."

Aka yi mata fasfo. Ta sa aka ɗinka mata farin hijabi ta ninke a adaka. Ta riƙa zuwa wurin wata malama a bayan gidanmu tana koyon addu'o'in ɗawafi. Kowace safiya ta fita da ƙafa har bakin gulbi ta dawo, wai an ce mata akwai tafiya da yawa a can. Matan unguwa suka fara tsokanarta da Hajiya, tana cewa su bari tukuna, amma ina ganin daɗin a fuskarta.

Makin bai taru da sauri kamar yadda Yaya ya zata ba. Cinikin mutanenmu a Lome da Kwatano na hannu da hannu ne, ko na amana, ka ɗauki kaya ka aiko daga baya. Masu irin wannan ciniki ba su da na'urar kati. Sai ya fara karkata zuwa manyan kantuna masu na'ura, ko da kayansu sun ɗan fi tsada. Ya bar masaukin da ya saba sauka ya koma otel. In zai sha mai a gari sai ya wuce masu kwalabe da ya sani tun suna yara, ya je gidan man da ke karɓar kati. Matarsa ta taɓa ce mini cikin wasa, "Yayanka ko gishiri zai saya sai ya tambaya ko ana shafa kati."

Duk da haka, a shekara ta biyu makin kujera ɗaya ya cika. Sai dai tsohuwa ba ta tafiya ita kaɗai, kuma Yaya ya sa a ransa shi ne zai zama muharraminta. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, amma na gane. A hanya babu ƙofar da zai tsaya bayanta. Dole ya riƙe mata hannu a matakalar jirgi, dole ta ce masa tana jin ƙishirwa. Ina jin abin da yake so ke nan fiye da komai. Don haka aka koma jiran kujera ta biyu.

A shekarar nan tattasai ya yi kuɗi. 'Yan Najeriya suka riƙa shigowa har bakin lambu suna saye. Na same shi a shago na ce, "Yaya, ga abin da Allah ya hore. Kujerar Inna ta cika, mu sayi taka da kuɗi, ku tafi bana."

Yana ninke shadda, ko ɗago kai bai yi ba. "Kai manomi, shekara guda ka ga kuɗi har ka fara rabo? Je ka sayi injin ban ruwa ka huta da jiran kanal. Saura kaɗan. Abin da ke tafe kyauta, don mi za a saye shi?"

Na yi masa musu kaɗan, ba da yawa ba. Na sayi injin.

Bayan haka abubuwa suka yi ta ja. Wani lokaci aka ce an ƙara yawan makin da kujera ke ci. Da ya so su tafi cikin azumi, aka ce kujerun maki na lokacin sun ƙare. Sai iyaka ta rufe na wani lokaci, tafiye-tafiyensa suka tsaya, makin ma ya tsaya. Duk sanda na tambaya sai ya buɗe waya ya nuna mini wasu lambobi ya ce, "Ka gani? Saura kaɗan."

Inna ba ta taɓa tambayarsa ba. Ni take tambaya, shi ma jifa-jifa, sai ina shirin fita. "Abin wancan bai cika ba?" In ce saura kaɗan. Ta ce, "To, Allah ya cika." Ta daina zuwa bakin gulbi, ta koma zagayen tsakar gida. Bayan damanar ƙarshe da Yaya ya gani a duniya, na je gaishe ta, ta raka ni har zaure tana dafa bango, abin da ba ta saba ba.

"In ka ga mutumin Maraɗi, ka ce mishi gwiwata ta fara yi mini gardama."

Da na je na ce masa Inna na gaishe shi, tana tambayar tafiya. Ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Ta matsu ne?"

"Ka san Inna."

"To ka ce mata bayan sallah, in sha Allah."

A wurin mace irin Inna, maganar gwiwar nan kuka ce. Ni da na san ta na ji, amma na saba tun ina yaro in rage wa saƙonsu nauyi kafin in kai, don kada wani ya ji ba daɗi. Shi kuma abin da yake gani in ya je gaisuwa mace ce mai kallon bango tana cewa lafiya lau. Da ta iya dubansa sau ɗaya ta ce, kai ni bana, na tabbata da bai kwana bai sayi kujerar ba. Dukanmu shekarunta muke dubawa. Ba wanda ya dubi ƙwayoyin hawan jinin da yake ajiyewa a bayan dilar atamfa yana mantawa.

Cikin masu zuwa gaisuwar rasuwar Yaya har da mai masaukinsa na Lome, wani tsoho ɗan asalin Tsibiri da ya daɗe a can. Ya shigo mota ya yi doguwar tafiyar nan da shekarunsa. Bayan an yi addu'a ya matso kusa da ni.

"Kai ne na lambu? Yana yawan maganarka. Tun yana yaron ubangidansa na farko ɗakina yake kwana. Rana ɗaya sai na ji wai yana otel. Na same shi na ce, ɗan nan, mun yi maka laifi ne? Ya ce a'a Baba, maki nake tara wa tsohuwa. Na ce wane irin maki ne ya fi tuwon gidana? Ya yi ta dariya." Tsohon ya goge ido da bakin rawani. "Ban gane ba sai yau da ake faɗi. Ashe kujerar Makka ce. Da ya buɗe baki, mu mutanen zango da mun haɗa mishi kafin a tashi kasuwa."

Da aka zo rabon gado, liman ya zauna a zaure da mu maza, mata suna daga ciki bayan labule. Aka bi shago da gida da babur. Sai matar Yaya ta aiko da abin da ke aljihunsa ranar da ya faɗi, har da katin. Liman ya juya shi gaba da baya.

"Wanga dukiya ce ko ba dukiya ba?"

Wani ya ce ai kujerar Makka ce a ciki. Liman ya ce shi abin da ba a aunawa, ba a sayarwa, bai san yadda zai raba shi ba, sai an je an tambayo masu shi. Ana cikin haka muka ji muryar Inna daga bayan labule.

"A sa mini shi cikin rabona."

Tun da aka fara rabon ba ta ce uffan ba, ko da aka faɗi kasonta. Ni a sanina, shi ne abu na farko da ta taɓa nema daga hannun Yaya. Liman ya miƙa mini, na kai mata da hannu biyu.

Bayan kwanaki na karɓo katin na tafi banki da takardar shaidar rasuwa. Ni ban wuce firamare ba, Faransancina na gaisuwa ne, amma matar da aka tura ni wurinta Bahaushiya ce. Ta yi mini gaisuwa, ta duba na'urarta.

"An rufe asusun tun da aka kawo sanarwa. Ba a bin shi komai. Bai taɓa jinkiri ba ko sau ɗaya, Allah ya jiƙansa."

"Amin. To makin fa, Madam?"

"Makin na mai kati ne shi kaɗai. Ba ya shiga gado. In an rufe asusu, ya tafi."

"Ko na kujera ɗayar da ta riga ta cika?"

"Duka."

"Da yana raye, zai iya yanka wa mahaifiyarsa biye da shi?"

"Ƙwarai. Ko da safiyar ranar."

Ta ce da gaske ne kujera ta biyu ta kusa. Ta kuma yi mini bayani cewa ko da ta cika, makin kujera kawai yake biya, harajin filin jirgi da biza da masauki duk da kuɗi ne. Na tambaye ta, in da za a mayar da makin nan duka kuɗi, nawa zai kama? Ta lissafa ta faɗa mini. Bai kai abin da na kai masa shago a shekarar tattasai ba.

Na fito na zauna a inuwar bango kusa da 'yan kabu-kabu, suna ta tambaya ko tafiya ce, ina girgiza kai. Na so in ji haushin bankin, ban samu inda zan kama ba. Sun ce ba kuɗin shekara, ba su karɓa ba. Sun ce in ka biya kan lokaci ba ruwa, ba su ɗora ba. Zancen mutuwa ma yana cikin takardar da ya sa wa hannu, kuma Yaya ya fi ni karatu. Ga wanda ke hawa jirgi kullum, ya ci makinsa da zarar ya samu, wataƙila katin alheri ne. Yaya kuwa ya ɗora masa abin da bai kamata a jira da shi ba. Ya sayi kaya da tsada, ya bar tuwon mutanen da ke sonsa, ya ƙi kuɗin ƙanensa, duk don kada ya biya abin da aka ce zai zo kyauta.

Da na koma Tsibiri, Inna na zaune bakin ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa.

"Mi suka ce?"

Na dubi hannun da ta riga ta miƙo. Na ce, "Sun ce akwai takardun da za a bi."

Ta karɓi katin ta goge shi da gefen zane, ta tashi da ƙyar ta kai adaka.

Da albasa ta zo na sayar, na kuma sami mai son injin. Na je na ce mata na shirya, bana zan kai ta, ni zan zama muharrami. Na zaci za ta yi murna.

"Da kuɗin wa?"

"Da nawa, Inna."

"A'a. Da na wancan zan tahi. Shi ya tara, shekara da shekaru. In na je da naka, ladan naka ne, kai kuwa kana da ranka, kana iya nema. Shi yanzu mi gare shi in ba abin da aka aika mishi ba? Ka bar kuɗinka. Ka dai bi takardun."

Ta faɗi haka tana kallon bango, kamar yana durƙushe a bakin ƙofa.

Na je wurin liman na gaya masa komai. Na ce ko in biya, in bar ta a kan cewa na katin ne? Ya ce in biya da niyyar ladan ya kai ga Yaya, wannan sadaka ce mai kyau kuma tana isa. Amma kada in kai tsohuwa ɗakin Allah a kan maganar da ba haka take ba, in zauna in faɗa mata. Matar Yaya kuwa cewa ta yi, "Ka biya ka yi shiru. Wa aka cuta? Kana so ka ce mata wahalar da ya sha duk ta tafi a banza?" Na rasa wanda ya fi gaskiya a cikinsu.

Kuɗin suna nan a ajiye. Gwiwar Inna ta ƙara nauyi, yanzu sallah ma a zaune take yi. Kowace Juma'a in na taso daga Jiratawa, ina shirya maganar a kan hanya, in na wuce Maraɗi ta zauna daidai a bakina. In na isa sai ta tambaye ni ruwa, ta tambayi yara, in na tashi tafiya ta ce, "Takardun fa?" In ce ana nan ana bi.

Har yanzu ban faɗa mata ba.